Yau Kan Yatsana Ya Lanƙwashe Da Kansa

Talata, da daddare.

Yau aka ba ni izinin cire makarin roba, wanda aka ɗaura mini a hannu bayan tiyata, da rana. Zan ci gaba da kwana da shi, kuma in zan shiga cunkoson jama'a sai na ɗaura, amma a cikin gida hannun ya samu sarari. Da hagu nake wannan rubutu har yanzu.

Ga wanda bai ji abin da ya same ni ba: ɗan ƙanwata ne ya zabura zai tsallaka titi, na kai hannu na cafko wuyan rigarsa, shi kuma ya fizge da ƙarfi, kan yatsana na zobe ya maƙale a rigar. Ba jini, ba karaya, sai ɗan kumburi, kowa ya ce targaɗe ne. Amma in na dunƙule hannu sai gaɓar ƙarshe ta wannan yatsa ta tsaya a miƙe. Likitan da ya duba ni ya riƙe gaɓar tsakiya ya ce in lanƙwasa kan, na yi iya ƙoƙarina, ko gezau. Jijiyar da ke jan kan yatsan ce ta ɓalle daga jikin ƙashi. An fi ganin wannan rauni a wajen 'yan wasan rugby da na ƙwallon Amurka masu damƙar rigar abokin karawa, kuma kusan kashi 75 cikin 100 a yatsan zobe yake faruwa. Ba ya warkewa da kansa, domin jijiyar ja da baya take yi, wani lokaci har cikin tafin hannu, kuma in ta kai can ana so a yi tiyata cikin kwana 7 zuwa 10. Allah Ya taimake ni an yi tawa a kan lokaci.

Yau na isa sashen gashin ƙashi da sassafe. Wadda ke kula da ni hannu kaɗai take dubawa, ba ta taɓa gwiwa ko baya, kuma sai da na shiga hannunta na gane dalilin da ya sa ake ware masu wannan aiki daban. Ta kwance makarin ta ɗora hannuna a kan tawul. Fatar ta yi fari tana saɓa, tafin ya motse, tabon ɗinkin ya yi ja ya bi cikin yatsan a karkace. Ta fara da abin da muka saba: ita ce ke lanƙwasa mini gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa in saki jiki, har suka yi laushi. Daga nan ta riƙe gaɓar tsakiya a hankali ta ce, "To Malam, bismillah. Kai da kanka yau. Kada ka yi da ƙarfi."

Na zuba wa farcen ido. Da farko ba abin da na ji sai wani ja a can cikin damtse, sannan kan yatsan ya sunkuya. Kaɗan ne ƙwarai. Ta ɗauko ɗan ma'aunin kusurwa ta ɗora a bayan yatsan ta ce digiri 15. Lafiyayyen yatsa kan kai 70 ko fiye, amma wallahi sai da idona ya ciko. Tun ranar da abin ya faru ban ƙara ganin wannan gaɓa ta amsa mini ba.

Na ce, "Likita, tunda ya fara, ba sai in dage in riƙa matsa shi ba?" Ta girgiza kai, ta jawo kujera ta yi mini bayanin da nake so in rubuta kafin ya kuɓuce mini. Naman da ke lanƙwasa yatsu ba a yatsun yake ba, a damtse yake, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Jijiyoyi ne ke tahowa daga can, su ratsa wuyan hannu da tafi, su bi ta cikin wata matsattsiyar hanya har kan yatsa, kamar zariya a cikin ƙubakar wando. Bayan tiyata jiki yakan yi tabo a ciki, kuma tabon bai san jijiya daban, hanyarta daban ba, duk liƙe su yake yi. In an bar yatsan ba motsi, jijiyar ta manne, ko an ja ba za ta zame ba. In kuma an ja da ƙarfi kafin ta yi ƙwari, ɗinkin ya tsinke, a koma ɗakin tiyata, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya. Ta ce tun 1975 wasu likitoci biyu, Duran da Houser, suka nuna cewa zamewar milimita 3 zuwa 5 ta isa ta hana mannewar. Ke nan duk wannan taka-tsantsan a kan ɗan motsin da bai kai faɗin farce ba ake yin sa. Jijiyar kuma takan ɗauki kamar mako 12 kafin a yarda ta ɗauki nauyi.

A ganina nan ne ƙwarewar take. Kowa zai iya cewa "motsa hannunka". Sanin ranar da za a ƙara da ranar da za a dakata, ta hanyar taɓa yatsa da duba kumburi, shi ne abin da ba kowa ke da shi ba.

Na kuma yi mata ƙorafin cewa yatsan tsakiya da ƙaramin su ma ba sa rufuwa sosai, alhali ba abin da ya same su. Ta ce jijiyoyin waɗannan ukun daga nama ɗaya suka fito, in ɗaya ta tsaya sai ta riƙe sauran. Hankalina ya kwanta da jin haka.

Tausar tabo ce ta fi ba ni wuya. Ta lakato man shafawa ta ɗora babban yatsanta a kan tabon, tana dannawa tana juyawa har fatar ta riƙa motsi a kan abin da ke ƙarƙashinta. Akwai wani wuri kusa da gaɓar ƙarshe da in ta taɓa sai in ji kamar lantarki ya ja ni. Ta ce in riƙa goga masa auduga, in ya saba in koma tawul, a hankali zai daina firgita.

Ta sallame ni da atisaye sabo: in miƙe yatsu, in lanƙwasa kawunansu kawai, in dunƙule gaba ɗaya, in sake miƙewa, kowace awa in ina farke. Ba ɗaukar kaya, ba tuƙi, ba murɗa murfin kwalba, ba matse wanki.

Da yamma yatsan ya ɗan kumbura yana zogi. Na ɗaga hannun a kan matashi sama da ƙirji kamar yadda ta koya mini, ya sauka kafin dare. Ta riga ta gaya mini alamar da ba a jira da ita: in na ji wani abu ya yi ƙas a ciki kuma kan yatsan ya daina lanƙwasuwa, in mayar da makarin in taho asibiti a ranar. Na gwada ɗazu kafin in ɗaura na kwana, yana nan yana motsi. Mako mai zuwa za ta sake aunawa, kuma ina so in tambaye ta yaushe zan fara riƙe biro.