Saita Burushin Fentin Ruwa a Kwamfuta Don Launuka Su Narke

Masu zane da yawa a nan Yamai suna ɗauka cewa taushin fentin ruwa a kwamfuta sai da burushi na saye, alhali galibi saiti ne kawai. Ni da manhajar Krita nake aiki, wadda kyauta ce.

Abin da nake fara ragewa shi ne kwararar fenti, domin ita ce take ƙayyade yawan launin da kowane ɗigon burushi yake zubarwa, yayin da kaurin launi yake ƙayyade iyakar duhun da shafa ɗaya za ta kai. Nakan bar kwararar tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, in haɗa ta da ƙarfin dannin alƙalami, ta yadda launi zai riƙa taruwa sannu a hankali. Tazarar da ke tsakanin ɗigon burushi ma nakan matse ta ƙasa da kashi 10 na faɗin burushin, sai dai kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi takan yi nauyi.

Idan ina zana hazon hunturu a kan kogin Isa bayan gadar Kennedy, inda rawaya take shiga cikin ruwan toka ba tare da iyaka ba, sai in ɗauki burushin shafe-shafe, in mayar da yawan launinsa sifili, domin ya ja fentin da ke shimfiɗe kawai. A ganina a nan ne ake yawan wuce gona da iri, har launuka su dagule. Nakan bar bakin gadar da ƴan kwale-kwalen da kaifinsu, sannan in kunna saitin kaushin takarda kaɗan.