Abin Wasan Da Zai Jure Haƙorin Kare Mai Ƙarfin Tauna

Masu ajiye manyan karnukan gadi irin su Boerboel da Rottweiler da Alsatian sun san wannan matsalar. A sayo wa kare abin wasa da kuɗi mai tsoka da safe, kafin la'asar ya zama gutsattsari a tsakar gida. Daga nan sai mai kare ya ƙudurta cewa wannan karon wanda ya fi kowanne tauri zai nemo. To nan ake tafka kuskure, domin duk abin da ya fi haƙori tauri, haƙorin ne zai ba da kai.

Babban kare yana da haƙora 42, amma ba da fiƙa yake murƙushe abu ba. Akwai wani ƙaton haƙori a sama, can ta gefen kunci, wanda ke gogayya da na ƙasa kamar almakashi, kuma a kansa ƙarfin muƙamuƙi ke taruwa. Shi ne ya fi karyewa idan kare ya danne ƙaho ko kofato ko ƙashin ƙafar saniya ko abin tauna na busasshiyar roba marar lanƙwasuwa. Gefen haƙorin ne ke ɓantarewa, wani lokaci har jijiya ta fito fili. Abin haushin shi ne kare ba ya nuna ciwon. Zai ci gaba da cin abincinsa, sai dai ka lura ya koma tauna da gefe ɗaya, ko bayan wani lokaci ka ga kumburi a ƙarƙashin idonsa saboda saiwar haƙorin ta yi mugunya. Gyaran kuwa sai likitan dabbobi, da allurar barci, kuma galibi cire haƙorin ake yi.

Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka danna farcen babban yatsanka a jikin abin wasan da ƙarfi. In farcen ya ɗan shiga, sannan wurin ya dawo daidai, taurin ya yi. In ko alama bai bari ba, ajiye shi. Wasu likitocin kan ƙara da cewa ka ɗan buga shi a gwiwarka, in ka ji zafi to ya yi wa haƙori tauri. Sai ka gwada ta ɗaya ɓangaren: ka murɗa shi, ka ja duk wani kunne ko ƙafa ko tsinin da aka yi masa. Abin da hannunka ya iya lanƙwasawa har ya yi fari-fari a wurin, kare zai cire shi cikin mintuna. Abin wasa mai ƙarko dunƙulalle ne, zubi ɗaya, ba ɗinki, ba haɗi da gam, ba ido na roba, ba usur a ciki.

Danƙo na asali mai kauri shi ya fi cika waɗannan sharuɗɗa. Wanda aka fi sani shi ne KONG, abin wasa mai rami a ciki da aka fara sayarwa a Amurka a 1976, kuma launinsa yana da ma'ana: ja na kare mai matsakaicin tauna ne, baƙi shi ne na masu ƙarfin tauna, shuɗi da ruwan hoda masu laushi na 'yan kwikwiyo ne. Mutane da yawa ja suke saye don shi suka fi gani, sai su ce kayan ba su da kyau. Akwai kuma Goughnuts, zobe mai kauri da aka sa masa jan danƙo a ciki. Ranar da ka hango jan, kare ya cinye bayan ke nan, sai a karɓe. Jabu fa ya cika kasuwa da shagunan intanet. Na jabu bai kai na gaske nauyi ba, yana warin fetur ko taya, kuma in ka goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle launi kan fita. Irin wannan gutsurewa yake yi ƙanana-ƙanana, kare yana haɗiyewa.

Girma ma yana da muhimmanci kamar tauri, watakila ma ya fi. Abin wasa ya kasance ba zai shige baki gaba ɗaya ba, kuma zai yi wuya kare ya kai shi can kan turamensa na baya. Kamfanoni kan rubuta nauyin kare a jikin kwali. A wajen KONG, babba na karen da ke tsakanin kilo 13 zuwa 30 ne, mai bi masa na kilo 27 zuwa 41, mafi girma kuma daga kilo 38 zuwa sama. In karenka mai ɓarna ne, ɗauki wanda ke gaba da nasa. In karnuka biyu ne a gidan, da babban za a auna, domin shi zai ƙwace na ƙaramin. Ƙwallon tanis dai ba na manyan karnuka ba ne: suna matse shi ya shige maƙogwaro ya buɗe a can, kuma gashin jikinsa in ya kwashi yashi yana cinye haƙori a hankali.

Duk abin wasan da ke da rami a ciki, ka tabbata ƙofa biyu gare shi. Mai ƙofa ɗaya in kare ya matse shi iska ta fita, sai ya zuƙe harshe ya riƙe, harshen ya kumbura a ciki.

Yanzu ga abin da ke sa abin wasa ya daɗe, wanda akasari ba a kula da shi. Karen da aka ɗaure ko aka kulle a keji tun safe ba shi da aikin yi sai ɓarna, kuma in ka ba shi danƙo haka nan fanko, yaga shi ne kaɗai wasan da zai iya yi da shi. In ka cusa abinci a ciki, sai aikin ya koma lasa da juyawa da jefarwa, haƙori ya huta. Debo kofi ɗaya daga cikin busasshen abincinsa na ranar, ba ƙari a kai ba, ka jiƙa da ruwan ɗumi kamar minti 20 har ya yi laushi. Haɗa shi da cokali ɗaya ko biyu na kindirmo marar sukari, ko dafaffiyar kabewa, ko dafaffen dankalin Hausa da aka murje. Cika ramin, ka toshe bakin da ƙaramin cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa. In ka soka tsinken shan lemo daga wannan ƙofa zuwa waccan kafin ka sa a firiza, ka zare bayan ya daskare, hanyar iska ba za ta toshe ba. Awa 3 zuwa 4 sun isa ya ƙanƙare, in wuta ta yi hali. In babu wuta, a danna abincin da kyau a ba shi nan take, kada a bar jiƙaƙƙen abinci ya wuni cikin zafi.

Ranar farko kada ka wahalar da shi. Zuba busasshen abinci sakwa-sakwa yadda da ya ture abin zai zubo, bayan kwana biyu ko uku ka fara jiƙawa, daga baya ka kai ga daskararre. Karen da aka fara masa da mai wuya fushi yake yi, ya koma neman fasa danƙon.

A kula da abin da ake cusawa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, don haka ragowar miya da kilishi da tsire mai yaji ba su shiga. Inabi da zabibi da cakulan guba ne gare shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana taɓa hanta. Niƙaƙƙiyar gyaɗar kwalba ta kanti kuwa a karanta jikinta, in an rubuta xylitol a bar ta, domin kaɗan daga wannan sinadarin yana faɗar da sukarin jinin kare, har ya kai ga mutuwa. Duk wani ɗan kwaɗayi da ba abincinsa na kullum ba, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a rana.

Akwai kayan wasan da ba a barin kare da su shi kaɗai. Allunan roba masu 'yan maɓoyan abinci da kare ke turawa da hanci suna da kyau wajen motsa ƙwaƙwalwa, amma minti 10 zuwa 15 ne kana tsaye a kansa, da ya gama ka ɗauke. Haka igiyar ja-in-ja. A yi wasan tare, a ja gefe da gefe ba sama da ƙasa ba, a koya masa saki in an ce ya saki, sannan a rataye ta inda ba zai kai ba. Zaren igiya in ya shiga ciki ya fi dunƙulen roba haɗari, domin bakinsa ɗaya kan maƙale, hanji ya tattare a kansa har zaren ya yanka shi. Tsohuwar tayar mota da wasu ke jefa wa kare akwai waya a cikinta. Tsohon silifas kuma koya masa cin takalmi kawai yake yi, shi bai san tsoho da sabo ba. Dafaffen ƙashi tsagewa yake yi da tsini.

Kayan wasa guda uku ko huɗu sun wadatar, a riƙa fito da biyu ana ɓoye sauran, a sauya bayan 'yan kwanaki don kada ya gundura. Rana tana busar da danƙo ya fara tsattsagewa, saboda haka a inuwa ake ajiye shi. A ware masa robar wanki da tsohon buroshi nasa daban da kayan kicin, a wanke ramin da ruwan ɗumi da sabulu bayan kowane ci. Wajen wankin ne za ka duba shi: matsa shi ka ga ko tsaga ta buɗe, ko bakin ramin ya fara gutsurewa, ko jikin ya fara danƙo a hannu. Ko ɗaya ka gani, a jefar.

In kuwa ka ga wani ɓangare ya ɓace ba ka same shi a ƙasa ba, sa ido a kan karen na kwana biyu zuwa uku. Amai a kai a kai, ƙin abinci, kasala, yunƙurin kashi ba ya fita, ko kuka in an taɓa cikinsa, duk alamun toshewar hanji ne, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, tare da ragowar abin wasan don likita ya ga girman abin da ya haɗiye. Kada a ɗura masa manja ko ruwan gishiri don ya yi amai, kuma in an ga zare ya leƙo ta duburarsa kada a ja.