Hunturu da hawan jinin Baba

Yau Talata, ranar wankin ƙodar Baba. Mun fita bayan sallar asuba, hazo ya lulluɓe gari, ko fitilar motar gabanmu da ƙyar ake hangowa. Na sa masa safa biyu da rigar sanyi, amma da na riƙe hannunsa sai na ji kamar ƙanƙara.

Muna isa aka ɗora shi a sikeli. Daga Juma'a zuwa yau ya ƙara kilo 3. Nas ta ɗaura abin awo a hannunsa na dama, tunda na hagu ne aka yi wa aikin haɗa jijiya don wankin ƙoda, ba a matsa shi. Jini ya nuna 178/96. Gabana ya faɗi.

"Baba, yaya sanyi?" in ji ta.

"Lokacinsa ne, 'yata."

Ina da ɗan littafin da nake rubuta awon nan tun bara. Da na buɗe shafin Afrilu, lokacin da zafi ke hana barci, yawanci bai wuce 140 ba. Damuwarmu a lokacin ita ce faɗuwar jinin ana tsakiyar wanki: jiri, ɗaurewar ƙafa, har sai an sauke kan gadon an ƙara masa ruwa.

Na nuna wa likita. Ya daɗe yana duba shafukan, abin da ya yi min daɗi ƙwarai. Ya ce sanyi na tsuke jijiyoyin jini, zafi kuma na sakin su. Sannan mai lafiya in ya sha ruwa ya yi fitsari, shi kenan. Baba kuwa fitsarin ya kusa ɗaukewa, zufa ce ke rage masa wani abu, ga hunturu ya toshe ta. Kowane kilo da ya ƙara kusan lita 1 ce ta ruwa a jiki, ruwan da ya taru kuma yana ƙara hawan jini. Ya ce tun 1998 likitoci a Montpellier ta Faransa suka wallafa cewa jinin masu wankin ƙoda ya fi hawa da sanyi, ya sauka da zafi.

Sai ya tambaye ni me Baba ke sha da safe. Na yi shiru. Tun shigowar sanyi ni ke haɗa masa shayi kofi biyu, ga kunu da daddare, don tausayi. Ga miya mai magi, wadda ke ƙara ƙishi. Wallahi ban taɓa lissafa shayi cikin ruwa ba.

Ya gargaɗe ni kada mu ƙara magani da kanmu. Zai sake duba nauyin da ya kamata Baba ya tsaya a kai bayan wanki.

Awa 4 cif inji na aiki, ni kuma ina matsa masa ƙafa a ƙarƙashin bargo. Mun tashi da 146/84.

Da muka dawo gida na samo gora, na ja mata layi daidai ruwan da likita ya ƙayyade na yini, shayi da kunu duk a ciki. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To, shayin safe dai a fara cire min nawa."