Yanda na koyi kaɗa otohaf a tsaunukan Bajiniya

Otohaf dai katako ne mai faɗi wanda mutum zai iya rungumewa, an ja masa tsirkiyoyin ƙarfe 36, sannan an gitta wasu sanduna a kansu kowacce da maɓallinta, wani 15 wani 21, nawa mai 21 ne. A ƙarƙashin kowace sanda akwai guntayen ulu mai tauri, in ka danna sai ulun ya sauka kan tsirkiyoyin da ba a buƙata ya kashe musu murya, waɗanda suka rage su yi ƙara tare, kodi kenan. Shi yasa ake cewa abu ne mai sauƙi, kuma gaskiya ne a ranar farko ma za ka iya raka waƙa, amma fa sauƙin nasa daga nan ya tsaya.

Aiki ne ya kawo ni kudu maso yammacin jihar Bajiniya a Amurka, yankin tsaunukan Afalachiya, kuma wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta fara ɗora min shi a hannu. Ita a cinya take ajiye nata irin na mutanen da, ni kuma ta ce in tsayar da shi a ƙirji in jingina a kafaɗar hagu yanda mawaƙiya Maybelle Carter ta shahara da yi, dan a haka hannun dama ya fi samun fili. Wallahi in ka kaɗa shi a haka har cikin ƙashin ƙirjinka kake jin sautin, kunnenka na dab da katakon, wannan ne ya kama ni tun farko.

A bakinta na ji cewa asalinsa ma ba na tsaunukan ba ne. Wani Bajamushe mazaunin Filadelfiya, Charles Zimmermann, shi ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1882, kodayake siffar da muke riƙewa yau ta fi kama da wadda Karl Gütter ya ƙera a can Jamus. Mutanen karkara suka rungume shi saboda ba tsada kuma ba sai ka je makaranta ba. Ernest Stoneman ya ɗauki faifai da shi a 1924, sai 1927 da aka ɗauki waƙoƙin iyalan Carter a faifai a garin Bristol, Sara Carter na waƙa tana kaɗa shi. Na je wajen da 'yarta Janette ta kafa a Hiltons, Carter Family Fold, inda ake wasa daren Asabar, tsofaffi da jikoki duk suna rawa a gaban dandali, a ranar na gane kiɗan gida ne kafin ya zama na kasuwa.

Abun da ba a gaya wa sabon shiga shine saiti, wato daidaita sautin kowace tsirkiya. Tsirkiya 36 fa, kowacce sai ka sa ɗan makulli ka murɗa ƙusarta, kuma murɗawar kaɗan ce sosai, kamar ka taɓa ne kawai, in ka ƙara ta wuce. Sanyi ya shigo ta canza, aka kunna hita a ɗaki ta sake canzawa, mai jita ya gama nasa shida ya tsaya yana jiranka. Yanzu kam tun a gida nake saitawa, in na isa wajen sai in bar shi ya ɗan sha iskar ɗakin sannan in sake bi. Sai faratan kiɗa, na roba a babban yatsa na ƙarfe a sauran, dole ka lanƙwasa na ƙarfen su kama yatsa tsam in ba haka ba tsakiyar waƙa za su fice.

Inda na fi daɗewa shine fitar da muryar waƙar kanta ba rakiya kawai ba. Ana yi ne da tsunkule, babban yatsa ya taho daga tsirkiyoyi masu kauri, na tsakiya ya kamo siririyar da ke ɗauke da sautin da kake nema, su haɗu. Matsalar ita ce sautin ba zai fito ba sai yana cikin kodin da ka danna, dan haka hannun hagu yana ta tsalle tsakanin maɓallai ko da mai jita bai canza komai ba, kai a layi ɗaya na waƙa ka canza sau da yawa. Dattijuwar nan kullum cewa take in rera da baki tukuna, abun da bakinka bai riƙe ba yatsa ba zai nemo shi ba. Ta sa na saurari Kilby Snow, bahago ne ɗan yankin nan, yana jan farce a kan tsirkiyoyi har sautin ya zame zuwa sama, har yau in na ji shi sai tsigar jikina ta tashi.

To sai maganar salon kiɗan da ake kira bulugiras, wadda nan ne na fi koyon darasi. Mutane na haɗa shi da tsohon kiɗan tsauni amma ba ɗaya ba ne. Bulugiras na Bill Monroe ne da ƙungiyarsa, ya kankama sosai bayan Earl Scruggs ya shigo da banjo a 1945, kayansa sanannu ne, mandolin, banjo, goge, jita da babban bes, otohaf ba ya cikin jerin. Shi banjon ma in ka kalle shi da kyau za ka ga dangin gurmi ne, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka kawo tushensa. A zaman bulugiras gudu ake yi, mai mandolin yana sara kiɗa gajere gajere, kai kuma tsirkiyoyinka suna ta amo ba sa yin shiru da wuri, in ba ka kula ba sai ka lulluɓe kowa. Dole na koyi kashe sauti ta hanyar danna sanduna biyu ko uku lokaci ɗaya, da kaɗa tsirkiyoyin tsakiya kawai a hankali lokacin da wani ke nasa zagayen. Sannan mawaƙansu na son waƙa da murya sama, sai kawai su maƙala kafo, wato ɗan maƙali mai ɗaga sauti, a wuyan jita su koma matakin sauti na B, ni kuwa babu kafo babu B a sandunana, a irin wannan sai in ajiye hannu in saurara, kuma ba na ganin hakan a matsayin faɗuwa.

A ganina inda otohaf ya fi kyau shine waƙoƙi masu tafiya a hankali, na bege da na coci da na labari, mutum biyu ko uku a baranda. A nan babu abun da ya kai shi cika ɗaki. A taron makaɗa na garin Galax da ake yi tun 1935 har gasarsa ake yi daban, ka ji abun da ƙwararru ke fitarwa daga cikinsa ka rasa bakin magana.

Masu goge sun fi son matakin sauti na D da A, kuma tsarin da ake sayar da shi daga kamfani bai da kodin Bm da ake buƙata a can, dan haka na cire sandar Ab da ban taɓa amfani da ita ba, na ɓare tsohon ulun, na manna sabo, na yi alama da biro a kan kowace tsirkiya da nake so ta yi ƙara sannan na yanke gurbinta da reza. Wanda zai sayi na hannu ya duba fuskar katakon ko ta tsage ko ta lotsa, ya gwada ƙusoshin saiti ko suna riƙewa, in suna sulɓewa ya bar shi ko da kuwa da araha ne, ulu kam ana canzawa.