Kayen da ba shi da ƙazanta

Ina koyar da lissafi a aji huɗu na wata CEG, wato ƙaramar sakandare, a nan Maraɗi, ajin da ake zana jarrabawar BEPC ta kammala makarantar. Shekaru da dama ina ɗaga kayen ƴan mata a gaban aji ina yabawa: ga rubutu kamar na inji, ga layi da jan bik, babu gogewa ko ɗaya. Samari kuwa kayensu kamar kaji sun yi tono, kullum faɗa nake yi masu.

Wata rana na ɗauki kayen wata ɗalibata mai kaifin kai, sai na ji shi shafal, ganyen da ya rage bai kai rabi ba. Ashe duk shafin da ta yi kuskure yage shi take, ta sake kwafewa da dare da hasken tocila. A takardar gwajinta kuma ta bar tambaya biyu fayau, alhali a takardar da take gwada lissafi kafin ta kwafe ta kama hanyar amsar daidai. Ta samu 11 bisa 20. Yaron da ke bayanta, wanda bai kai ta ganewa ba, ya cika takarda da zane da sokewa, ya tsinci rabin maki nan da can, ya tashi da 13.

Na kira ta bayan an tashi. "Ɗiyata, me ya hana ki rubuta abin da kika sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Mushe, ban tabbata ba ne. Ni in na faɗi bana, ba maimaitawa. Baba ya riga ya faɗa."

Maganar nan ta daɗe tana cin raina. A Nijar, bisa ƙididdigar 2012, kusan kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi tana cikin na gaba. Dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2017 don kare karatun ɗiya mace tana nan, amma a gida ake yanke hukunci. Yaro ya faɗi, a ce baɗi ma rana ce. Yarinya ta faɗi, sai a fara zancen kayan ɗaki. Juriya kam tana da ita, wadda ta yi shara da ɗiban ruwa tun asuba kafin ta ɗauki jaka. Tsoron kuskure ne ya ɗaure mata hannu, ni kuma da yabon tsabtar kaye nake ƙara ɗaurin.

Yanzu na hana yage shafi a ajina. Wanda ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai, ya ci gaba a ƙasa, kuma ina ba da maki a kan hanyar da aka bi. Su samarin nasu aikin daban ne: sai sun sake duba amsa kafin in karɓi takarda.

Sati uku ta yi kafin ta yarda ta fito allo. Ta ɓata layi na biyu, ajin ya yi tsit, hannunta na rawa. Ta soke shi da alli, ta ci gaba.