Saƙon Godiya Bayan Zaman Tuna Baya Kan CP/M da MS-DOS

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen zaman da muka yi ranar Asabar ɗin da ta gabata lafiya, ya zama wajibi a kaina, a madadin 'yan uwana da muka shirya taron tare, in miƙa godiya ga duk wanda ya ba da lokacinsa ko iliminsa ko dukiyarsa. Wata huɗu muka yi muna ƙulla wannan zama, kuma manufarmu tun farko ita ce matasan da ke koyon rubuta manhaja su ji daga bakin wanda ya gani da idonsa yadda aka gina manhajojin farko masu tafiyar da ƙananan kwamfutoci, a zamanin da ƙwaƙwalwar na'ura gaba ɗayanta ba za ta iya ɗaukar hoto guda na wayar yau ba.

Godiya mafi girma ta tabbata ga dattijonmu, Baba Injiniya, wanda duk da ciwon ƙafa da nisan hanya ya zo, ya zauna da mu fiye da awa uku. Baba ya tafi karatu Amurka a ƙarshen shekarun 1970, kuma a ɗakin gwaje-gwajen sashensu ne ya haɗu da CP/M, manhajar da Gary Kildall ya rubuta a 1974 a garin Pacific Grove na jihar Kalifoniya. Ya bayyana mana cewa Kildall malami ne a makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Monterey, yana kuma yi wa kamfanin Intel aiki a gefe, kafin shi da matarsa Dorothy su kafa kamfanin Digital Research. Abin da Baba ya fi tsayawa a kai shi ne dabarar da Kildall ya yi ta ware ɓangaren manhajar da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura, wato BIOS, ta yadda duk mai sabuwar kwamfuta zai rubuta wannan ɗan yanki kaɗai, sauran kuwa ya bar shi yadda ya zo.

Wannan yankin ne ya faɗo a kan Baba da abokin karatunsa. An ba su kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Z80 da ma'adanar kilobait 64, da faifai mai faɗin inci 8, da littafin bayani, aka ce su sa ta yi magana. Ya ce sun yi makonni suna rubuta umarni layi bayan layi, suna gwadawa, allo na nan baƙi ƙirin, har daren da harafin A da 'yar alamarsa suka bayyana a kusurwar allon, su biyun suka tsaya suna kallonsa babu mai cewa uffan. Sai kuma ya ba mu labarin da ya sa ɗakin ya ɓarke da dariya. A CP/M, umarnin kwafe fayil da ake kira PIP yana son a fara rubuta inda za a kai kafin inda za a ɗauko, shi kuwa cikin gajiya ya juya su, tsohon kwafi ya hau kan sabo, aikin kwana tara ya tafi. Ya ce har yau, in zai kwafe wani abu a wayarsa, sai ya duba sau biyu. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa abin da ka koya mana ya zama sadaka mai gudana.

Ina kuma gode masa da ya gyara mana wani labari da da yawanmu muka haddace ba tare da bincike ba, wai Kildall ya tafi shawagi a jirginsa ya bar wakilan kamfanin IBM da suka zo neman manhajarsa suna jira a 1980, shi ya sa ya yi asarar kasuwa. Baba ya nuna mana cewa waɗanda suka halarci al'amarin ma sun saɓa a kan yadda ranar ta kasance, kuma takardar rufa asiri da IBM ta gabatar, wadda Dorothy ta ƙi sa wa hannu nan take, tana cikin abin da ya kawo cikas. A ganinsa, kuma na yarda da shi, farashi ne ya yanke hukunci, domin bayan IBM ta fito da kwamfutarta a ranar 12 ga Agustan 1981, ana sayar da PC DOS, wato MS-DOS ta Microsoft da sunan da IBM ta ba ta, dala 40, CP/M-86 ta Kildall kuwa da ta iso daga baya dala 240. Mai saye ba ya buƙatar dogon tunani a nan. Kildall ya rasu a 1994 yana da shekara 52.

Godiya ta biyu ga ƙanwarmu ɗalibar da ta jagoranci karatun asalin rubutun MS-DOS, wanda kamfanin Microsoft ya saki ga jama'a ta hannun gidan tarihin kwamfuta na Mountain View a 2014, daga baya kuma ya ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji. Ta haska mana shafukan a bango, ta bi da mu a hankali, tana nuna 'yan bayanan da marubutan suka bari a gefen layuka domin tunatar da kansu. Daga gare ta da yawa suka fara jin sunan Tim Paterson, matashin injiniyan kamfanin Seattle Computer Products, wanda ya fara rubuta manhajar a watan Afrilun 1980 saboda kamfaninsu ya gaji da jiran CP/M mai aiki da ƙwaƙwalwar 8086. Sunan da ya fara ba ta, QDOS, yana nufin aikin gaggawa ne da ba a tsaya gogewa ba, kuma ita ce Microsoft ta saye gaba ɗaya a watan Yulin 1981 a kan dala 50,000. Ta kuma warware mana abin da ya daɗe yana ɗaure wa wasu kai, wato dalilin da ya sa Windows ke raba sunayen jakunkunan fayil da karan da ya kwanta baya (\): lokacin da MS-DOS 2.0 ta zo da tsarin jaka cikin jaka a 1983, an riga an ba wa karan da ya kwanta gaba (/) wani aiki a cikin umarni. Allah ya ƙara basira, ya sa ki fi haka.

Ba zan manta da malamin gyaranmu na kasuwa ba, wanda ya karɓi tsohuwar kwamfutar da aka ba mu aro a lokacin da kowa ya yanke ƙauna daga gare ta. Batirin cikinta ya zubo ya ci wani sashe na allon wayoyinta, shi kuwa ya zauna da dalma da siririyar waya ya ɗinke hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya goge kan da ke karanta faifai da auduga, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Albarkacinsa ne yara suka ji ƙarar faifai yana juyawa, suka ga dalilin da ya sa har gobe babbar ma'adanar kwamfutarsu ke amsa sunan C, tunda A da B na faifan farko da na biyu ne. Wani yaro ya yi ta ƙoƙarin sa wa fayil cikakken sunansa na yanka, na'urar ta tsaya kai da fata a kan haruffa 8 da ƙarin 3, har ya haƙura ya gajarta.

Muna godiya ga Hajiyar da ta ba mu ɗakin taro kyauta ta kuma ciyar da baƙi, da maƙwabcin da ya jawo mana waya daga janaretansa lokacin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar bayani. Muna neman afuwar waɗanda suka zo tun ƙarfe goma suka tarar ba mu gama shiri ba, da waɗanda suka tsaya a tsaye saboda ƙarancin kujeru. Laifin namu ne, kuma mun ɗauki darasi.

Mun naɗi jawabin Baba da izininsa, kuma za a tura wa duk wanda ya rubuta sunansa a takardar halarta da zarar an gama tace sautin. Faifan nan mai inci 8 da ya zo da shi, wanda aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu, ya koma jakarsa lafiya, ni da kaina na raka shi da shi har mota. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalam.