Godiya bayan arba'in: daga furen rake zuwa bununin gero

Assalamu alaikum.

Jiya muka yi arba'in, Inna ta kife tukunyar wanka, ni kuma na samu hannun ɗaukar salula. Tun ranar suna saƙonni ke jibge ban amsa ba, har wasu sun fara aiko mini da ƙorafi ta bakin Yaya. Ku yi haƙuri. Allah Ya sauke ni lafiya a nan Maradi farkon watan Oktoba, an samu namiji. Sunansa kuwa sai ku tambayi kakanninsa, ɗan fari ne, bakina ba zai iya ba. Waɗanda zan gode wa ma ba zan kama sunansu ba, kowa ya ji aikinsa zai gane kansa.

Mutane da yawa sun ji cewa cikin nan ya ba ni wuya, amma kaɗan ne suka san irin wuyar, domin duk wanda na ce wa atishawa ce sai ya yi dariya.

Bayan biki na bi Malam tsibirin Reyuniyon inda yake karatu. Tsibiri ne a Tekun Indiya, wajen kilomita 700 gabas da Madagaska, yana ƙarƙashin Faransa, kuɗinsu ma yuro ne. Jami'ar tana Sen-Deni, babban birnin, amma haya a can ta fi ƙarfin ɗalibi, sai muka kama ɗaki a Sent-Suzan, inda gonakin rake suka zo mana har bakin taga. Gefen gabas ne, gefen da ruwan sama ya fi sauka. 'Yar Maradi da ta saba ganin kore na wata uku a shekara ta tarar da ƙasar da ciyawa ba ta bushewa, ai na ɗauka na shigo aljannar duniya. Hotuna nawa na turo muku? Ban san ciyawar da ba ta bushewa ba ta daina fure ba.

A watan Mayu, cikin yana wata biyar, rake ya fitar da kai. Kowane kara da tutarsa, fara sol mai sheƙi kamar azurfa, iska na kaɗa su gaba ɗaya, masu mota har tsayawa suke su ɗauki hoto. A makon nan hancina ya ɓalle. Da na farka sallar asuba sai atishawa, goma, sha biyar a jere. Malam ya yi ta amsa mini da yarhamukillah, daga baya ya koma bin fatawar cewa in ta wuce uku mura ce, ya yi shiru abinsa. Ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, ganɗa na ƙaiƙayi, har cikin kunne inda yatsa ba ya kaiwa. Kowace atishawa sai na ji jijiyar gefen mara ta ja kamar za ta tsinke, sai in dafe ciki da hannu biyu. Sauran abin da atishawa ke jawo wa mai ciki, mata sun sani, ba sai na faɗa a bainar jama'a ba. Da dare hanci ya toshe ɗam, ga ciki ya hana kwanciyar da nake so, sai in jingina da bango baki buɗe har gari ya waye.

In na kira gida, wannan ta ce laulayi ne, waccan ta ce sanyin teku ne ya shige ni, wata kuma ta ce shagwaɓar cikin fari ce. Ban riƙe kowa ba, amma ta ƙarshen nan ta yi mini ciwo.

Godiyata ta farko ga wata ma'aikaciyar farmasi ce wadda ko sunanta ban sani ba. Na yi wauta: na samu wani maganin fesawa a hanci cikin jakar Malam, irin mai buɗe hanci nan take, na yi ta fesawa kusan mako biyu. Da ya daina yi mini aiki na je neman ƙwayar mura. Matar nan ta dubi hijabina, ta dubi yadda nake tafiya, ta tambaye ni wata nawa. Ta ce ƙwayar da nake nema tana da sinadarin sudo'efedirin, wanda ke matse jijiyoyin jini, kuma ba na hanci kaɗai yake matsewa ba, don haka ba ta ba mai ciki. Na nuna mata na fesawar, ta kama kai. Ashe irinsa in ya wuce 'yan kwanaki shi da kansa yake ƙara toshe hancin, ka fesa ya buɗe, ya sake rufewa fiye da da. Ta bar layin mutane na jira, ta rubuta mini abin da zan gaya wa ungozoma. Ranar na fito ina jin haushinta don ta hana ni abin da na zo saye da kuɗina. Allah Ya yafe mini, ita kuma Ya saka mata.

Sai ungozomar da ke yi mini awo da likitan da ta tura ni wurinsa. Su ne suka fara ɗaukar maganata da nauyi. Likitan ya ce akwai toshewar hanci da ciki kansa ke kawowa, tana samun kamar mace ɗaya cikin biyar, kuma tana wucewa cikin mako biyu bayan haihuwa, amma ita ba ta zuwa da ƙaiƙayin ido irin nawa. Bai yi mini gwajin tsaga fata ba saboda ciki, jini ya ɗiba. Sakamako ya nuna alerji, wato jikina ba ya jituwa da wasu abubuwa, har iri biyu: garin furen dangin ciyawa, wanda rake ma a cikinsu yake, da wasu ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da matashi, waɗanda danshin tsibiri ke yi wa daɗi. Ya rubuta mini setirizin ƙwaya ɗaya a rana, da budezonid na fesawa a hanci wanda sai an yi kwanaki ake ganin aikinsa, da ruwan gishiri na wanke hanci safe da yamma. Na tambayi maganin da aka ce yana raba mutum da alerji gaba ɗaya, ya ce ba a fara shi da ciki. Abin da aka ba ni nake faɗa, ba ardanas nake rubuta wa kowa ba. Ita kuma ungozomar ta cire mini babban tsoro da magana ɗaya, ta ce yaro cikin ruwa yake kwance, atishawata ba ta fi masa jijjigar goyo ba.

Maƙwabciyata 'yar Komoro, uwar 'ya'ya biyar, Faransancinta kaɗan ne, nawa kuma hanci ya cinye shi, amma mun fahimci juna. Da ta ji an hana ni shanya a waje don garin fure na manne wa tufafi, sai ta riƙa kwashe wankina ta kai injin busarwa. Zannuwan gado kuma duk mako ta wanke su a ruwa mai zafin digiri 60, wanda shi ke kashe ƙwarin nan. Ita ce ta riƙe ni daren da numfashina ya ɗauke. Wajen ƙarfe biyu ƙirjina ya fara fito kamar an danne kyanwa, Malam ya ruɗe ya rasa lambar da zai kira, ita ta karɓi wayar ta buga 15, lambar gaggawa ta asibiti. A asibiti aka sa mini abin shaƙa, aka ɗaura mini bel a ciki, na ji bugun zuciyar yaron yana sukuwa kamar dokin hawan salla. Ban yi kuka ba sai a lokacin. Aka ce asma ce alerjin ya tayar, aka ba ni Ventoline, maganin shaƙa mai buɗe ƙirji, da wani na kullum. Na ce ina tsoron yawan magani saboda ciki. Likitar ta ce iskar da na shaƙa ita yaron ke samu, rashin numfashina ya fi masa haɗari a kan maganin nesa ba kusa ba. Daga ranar ban ƙara tsallake shi ba.

Matan abokan Malam na masallacin Nurul Islam da ke Sen-Deni, wanda aka buɗe tun 1905, sun yi ta aiko mini da abinci har na fara jin kunya. Ni baƙuwa ce, ba dangin iya ba na baba. Allah Ya bar zumunci.

Ƙarshen Yuli, ciki na mako 30, aka yanke in taho gida. Likitan bai so ba, kuma yana da hujja: can babu zazzaɓin cizon sauro, ga shi zan faɗo tsakiyar damina. Amma haihuwar fari ba uwa a kusa, ni dai ban ga yadda zan iya ba. Na taho da takardu da maganin wata uku, a raina ina cewa na rabu da rake na huta. Yaya da mijinta suka tarbe ni a Yamai, suka kawo ni a hankali cikin kwana biyu, muka kwana a Ƙonni. Tun daga Gidan Rumji nake kallon gero ya yi kai dama da hagu, ina murna.

Kwana uku da isowata aka kai ni Tibiri gaida Kaka. Gidanta a bakin gona yake. Ko gaisuwa ba mu gama ba na fara. Tsohuwar nan ta ƙura mini ido, ta ƙirga har takwas, sannan ta ce: "Ke kishiya, wannan ai ba ciwon Nasara ba ne. Bununi ne. Haka kakanku yake yi duk shekara in gero ya yi bununi, har ya bar shiga gona sai da rawani a hanci." Na yi sororo. Wata uku ina fama da Faransanci ina neman yadda zan bayyana wa mutanen gida abin da ke damuna, ashe sunansa na nan a bakin Kaka. Kuma gaskiyarta, gero da dawa da rake duk dangi ɗaya ne. Sai na tuna murar da nake yi kowane Agusta tun ina lakwal, wadda ake ɗora wa dukan ruwa. Daga ranar babu wanda ya ƙara cewa shagwaɓa, tunda Kaka ta yi magana. Kaka, na gode, ga angonki nan na kawo miki, sai ki shirya tukwici.

Inna, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Kullum da dare sai kin sa na wanke kai kafin in kwanta, kin hana a yi shara ina tsakar gida, kin mayar da sussuka da shiƙa gidan Goggo don ƙaiƙayi. Mafi girma, kin kashe kaskon turaren wuta a gidan da ake jiran mai jego. Duk wanda ya san Inna ya san wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Hajiya surukata ma ta aiko da turare kwalba uku, da aka yi mata bayani ta ce a ajiye, ba ta ji haushi ba, ta aiko da sange sabo a madadinsa. Goggo ta zo da saiwoyinta na surace, na ƙi, ta yi fushi na kwana biyu ta huce. Goggo, ba raini ba ne, abin da ban san sunansa ba ne aka hana ni.

Autanmu shi ne mai ruwan gishiri. Da wanda na zo da shi ya ƙare, ungozoma ta ce a tafasa lita ɗaya a zuba gishiri giram 9, a bari ya huce, kuma kullum a yi sabo. Yaron nan ya je aka auna masa a sikeli, ya zo ya yi wa murfin kwalba alama da wuƙa, ya riƙe aikin har na haihu, kafin ya tafi lakwal ya gama. Shi ne kuma ya kori mai tallar magani a faranti da ya shigo yana rantsuwa cewa ƙwayarsa ja da rawaya tana tsayar da mura cikin minti biyar.

Ungozomomin da suka karɓe ni a nan sun karanta takardun da na zo da su ɗaya bayan ɗaya, ba su ce na zo da iyayin Turai ba. Sun ba ni Fansidar na rigakafin zazzaɓi a kowane awo na sha a gabansu, kuma ranar naƙuda ɗayarsu ta ajiye Ventoline ɗina a aljihun rigarta har aka gama. Ba a ma buƙace shi ba, alhamdu lillahi.

Baba da abokansa na masallaci da suka yi ta addu'a, maƙwabta da suka yi aikin suna tun daga jajibiri, 'yan ajinmu da suka haɗo kayan barka, mutanen Madarunfa da na Jiratawa da suka taso da sassafe, da dangin Katsina da suka ƙetaro ta Ɗan Isa, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya mayar muku da biki. Waɗanda suka shigo ɗaki ranar suna aka roƙe su su bar turarensu a waje, ku yafe mana. Shi kuwa Malam, yana can yana karanta wannan da awa uku a gabanmu, godiyarsa ba ta Facebook ba ce.

Yanzu gero ya shiga rumbu, hanci ya lafa, sai dai hazo ya fara leƙowa, ga takunkumina a rataye. Jiya Inna ta ce a gwada kunna kasko a zaure, daga ɗaki na yi uku a jere, aka kashe.

Akwai kula biyu da wani babban faranti mai zanen fure da aka bari ranar suna. Mai su ya aiko yaro ya ɗauka, suna ɗakin Inna.